Baturen da Ya Ƙaga wa Kalmomi Kakanni

J.R.R. Tolkien, wanda aka haifa a 1892 ya rasu a 1973, farfesan tsohon Turanci ne a Jami'ar Oxford ta Ingila. Duniya ta san shi da littafin The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955, amma shi da bakinsa ya ce harsuna ya fara ƙirƙira, daga baya ya nema musu labarin da za su zauna a ciki. Masu harsunan wata al'umma ce ta ƙage, masu siffar mutane amma ba sa tsufa su mutu; bari mu kira su Elfawa.

Ƙirƙirar harshe ba wani abin mamaki ba ne, yaranmu ma suna zaurance. Abin dubawa shi ne hanyar da ya bi. Tun wajen 1915 ya soma tara kalmomin harshen da ya zama Quenya, wanda ya ɗanɗano zaƙinsa daga harshen mutanen Finland. Na biyun, Sindarin, ya ba shi amon harshen mutanen Wales. Bai zauna ya jera sunayen abubuwa yadda suka faɗo masa a ka ba. Sai da ya ƙaga tsohon harshe guda, uwar sauran, ya dasa saiwoyin kalmomi a ciki, sannan ya kafa dokokin yadda kowane sauti zai sauya bayan al'ummar ta rarrabu, wasu sun haye teku wasu sun tsaya.

Ga misali. Tsohuwar kalmar bishiya ita ce galadā. A Quenya harafin g na farkon kalma faɗuwa yake yi, sai ta koma alda. Sindarin ta riƙe shi, ta ce galadh. Dokar ba ta kan bishiya kaɗai ta tsaya ba: dutse ondo ne a Quenya, gond a Sindarin, kuma daga gond ɗin aka sami Gondor, sunan wata ƙasa a cikin labarin, wato ƙasar duwatsu, kamar yadda sunan wata ƙasar, Mordor, ke nufin baƙar ƙasa. Haka sautin kw na asali ya zauna daram a Quenya, ya rikiɗe ya zama p a Sindarin, shi ya sa "kalma" take quetta a can, peth a nan. Wannan ma ba daga iska ya tsinto shi ba, irin sauyin da ya raba harshen Wales da na Ireland ne. Tolkien, mutumin da ya yi aikin bin asalin kalmomi a babban ƙamus ɗin Oxford daga 1919 zuwa 1920 ai ya san ta kan sana'ar. Jerin saiwoyin da ya rubuta a wajejen 1937 bai ga bugu ba sai a 1987, lokacin da ɗansa Christopher ya fitar da shi.

Abin da ya ɗauke shi shekaru sama da hamsin yana sassaƙawa, kuma ya tafi bai gama ba, mu a gida muka tarar da shi. Bakano ya ce zauna, Basakkwace ya ce zamna. Bakano ya ce sauka da aure, Basakkwace ya ce sabka da amre. Doka ce tsayayya: b da ya zo a ƙarshen gaɓa, ko m da ya zo a ƙarshen gaɓa kafin n ko r, ya narke ya zama u a Hausar gabas. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana ta a ƙarshen shekarun 1920, har yau da sunansa masana ke kiran ta. Wani reshen dokar ma ya game Hausa duka, shi ne ya sa muke cewa talaka amma talauci, ɓauna amma ɓakane. K ɗin asali bai ɓace ba, ya ɓuya ne a wata siffar kalmar.

To, wa ya riƙe tsohuwar siga? Basakkwace. Amma shi ake kwaikwayo a fim don a ba mutane dariya, shi ne kuma ɗansa ke gyara baki in ya shigo Kano karatu, kada a ce masa baƙauye. Daidaitacciyar Hausa tana da amfaninta, jarida da jarrabawa ba za su tafi ba sai da ita. Sai dai wanda ya ɗauki zamna a matsayin kuskure kamar mai share sawun ɓarawo ne kafin masu bin sawu su iso. Ba don Sakkwatanci da Katsinanci da Hausar Dogon Dutsi ba, da ƙyar za a gane daga ina zauna ta fito.

A can Amurka akwai mujallu biyu, Parma Eldalamberon da Vinyar Tengwar, da suka shafe shekaru suna buga ƴan takardun da Tolkien ya bari, ana muhawara a kan wasali ɗaya na harshen da babu uwar da ta taɓa lallashin ɗanta da shi. Mu kuwa muna da ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda ya riƙa nuna ko kalma ta Sakkwato ce ko ta Katsina, da na Neil Skinner na 1996 mai kwatanta Hausa da danginta na Cadi da maƙwabtanta. Duka biyun da Turanci aka yi bayaninsu, kuma tsofaffin da Bargery ya ji kalmomin a bakinsu sun daɗe da kwanta dama.