Daga Tenere zuwa Gobi: hamada biyu, matsala guda

A watan Agustan 2026 ne ƙasashen duniya za su haɗu a Ulanbato, babban birnin Mongoliya, domin taron Majalisar Ɗinkin Duniya karo na 17 kan yaƙi da hamada. Ga mutumin Tawa ko Damagaram, zaɓen wannan wuri zai iya zama abin mamaki, domin a hamadar Gobi sanyin hunturu na kaiwa digiri 40 ƙasa da sifiri, yayin da a Bilma zafin bazara ke haura digiri 40.

Sai dai masana ba da zafi suke auna hamada ba. Ma'auninsu shi ne ƙarancin ruwan sama, yawanci ƙasa da milimita 250 a shekara. Sahara ta bushe ne saboda busasshiyar iska mai saukowa daga sama, wadda ke hana hadari haɗuwa. Ita kuwa Gobi, nisanta da teku da tsaunukan da suka tare ta ta kudu ne ke hana mata ruwa.

A wajen makiyayi, ƙarshen abin ɗaya ne. A Mongoliya, in damina ta yi gardama, dabbobi na shiga hunturu a rame, sannan ƙanƙara ta rufe ɗan abin da ya rage na ciyawa. Wannan bala'i, da suke kira "dzud", ya kashe dabbobi fiye da miliyan 7 a hunturun 2023 zuwa 2024. A Nijar, doguwar bazara ce ke yin wannan ɓarna, kamar yadda aka gani a 1984 da 2010.

A taron Riyad na Disamban 2024, ƙasashen Afirka sun nemi yarjejeniya mai tilastawa kan fari, amma aka tashi ba a cimma ta ba, aka ɗage batun zuwa Ulanbato. Ga shi kuma 2026 ce shekarar makiyaya da filayen kiwo ta duniya, bisa shawarar Mongoliya.

Nijar na da abin da za ta gabatar a can: dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Amma a ƙasa, gonaki na ci gaba da cinye burtali da makiyaya. Muddin garke ba ya iya barin inda ciyawa ta ƙare, duk abin da aka sa wa hannu a Ulanbato ba zai ceci shanu a rani mai zuwa ba.