Hoton Giwa Da Maganar Ja-gora

Da rani ne ƙungiyoyin matasa da makarantu da wasu iyalai sukan haɗa kuɗi su ɗauki hayar mota daga Kano zuwa Yankari. A wannan wata muna so mu yi magana da iyaye da shugabannin irin wannan tafiya a kan abu guda, wato ɗaukar hoton namun jeji. A dā mai hoto ɗaya ne a cikin ayari, shi ma sai an biya shi. Yanzu kowane yaro yana da kyamara a aljihu, kowa kuwa so yake ya komo da hoton da ya fi na ɗan'uwansa.

Yaron da ya tashi a Rijiyar Lemo, ko Fagge, ko Sabon Gari, a ina ya san naman jeji? Ya ga zaki a gidan zu na Audu Bako, a bayan ƙarfe. Wataƙila ya ga kura a hannun gardi, da takunkumi da sarƙa. Sauran kuma a cikin waya ya gan su. A dukan wuraren nan uku akwai abin da ya raba shi da dabbar, don haka ya girma yana zaton matsawa kusa ba wani abu ba ne. A jeji kuwa babu ƙarfe, babu sarƙa. Abin da ya rage tsakaninsa da dabbar shi ne 'yar tazara, da mutumin da ya san iyakarta.

Kafin mu isa Yankari, bari mu ɗan zaga ta wata ƙasa mai nisa, gama can ne aka gwada wannan al'amari shekara da shekaru. Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san sunan beyar, dabbar nan da Dauda ya yi fama da ita sa'ad da yake kiwon tumakin ubansa. Ba mu da ita a ƙasarmu. Manyan danginta masu launin ƙasa suna Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, inda babban namiji yakan kai kilo 500. A wani kogi da ake kira McNeil, sukan taru kowace shekara a inda ruwa yake gangarowa kan duwatsu, suna kamun kifi. An taɓa ƙirga fiye da 70 a lokaci ɗaya. Masu hoto daga ko'ina a duniya suna marmarin zuwa wurin, amma tun 1973 sai da takardar izini, ta hanyar ƙuri'a, mutum 10 kaɗai a rana. Ma'aikaci mai bindiga ne yake kai su. Hanya ɗaya suke bi kullum, wuri ɗaya suke zama, ba mai miƙa wa dabba abinci, ba mai tashi ya bi ta. Da yake mutanen ba sa canza hali, beyar ta san abin da za su yi, sai ta wuce su kamar ta wuce kututture. Fiye da shekara 50 ke nan ba ta ji wa baƙo ko ɗaya rauni a wurin ba.

Ba nisa da nan, a gandun Katmai, wani Ba'amurke mai suna Timothy Treadwell ya yi shekara 13 yana zuwa ya kafa tanti a tsakiyarsu. Ya raɗa musu sunaye, yana ɗaukar su fim daf da daf, har yana taɓa wasu, ko da yake ma'aikata sun yi ta yi masa gargaɗi. A watan Oktoba 2003 beyar ta kashe shi tare da abokiyar tafiyarsa. Irin dabbar ɗaya ce, ƙasar ma ɗaya ce.

To, mu komo gida. Mai tashi daga Kano zai bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi ya isa Bauchi, sa'an nan ya kama hanyar Gombe, ya ratse a Dindima zuwa ƙofar gandun a Mainamaji. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Fāɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 2,200. Akwai ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mugun dawa, da dorina da kada a kogin Gaji. Amma kowa giwa yake zuwa nema.

Giwa ba ta da ƙarfin gani sosai, amma hancinta da kunnenta ba a magana. Shi ya sa za ku ga ja-gora yana lura da inda iska take kaɗawa kafin ya ce wa direba ya tsaya. Yana duban abubuwan da mu baƙi ba mu san su ba. In ya ga 'ya'ya a cikin garke, ya san uwaye ba za su yi haƙuri ba. In ya ga ruwa yana tsiyaya daga gefen kan toron giwa, tsakanin ido da kunne, ya san lokacin zafin ransa ne, gara a ba shi hanya tun daga nesa. In ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai tana girgizawa, kashedi ne take yi. Toro yakan kai tan 6, kuma a cikin ciyawa ba mai tsere masa da ƙafa. Mai kallo ta gilashin waya ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya juya baya don ya ɗauki fuskarsa tare da giwar kuwa, wannan bai ma ga giwar ba.

Ga inda laifin yakan zama namu, mu manya. An biya kuɗin mota, an kwana a hanya, yara sun ƙosa, sai ga giwa can nesa kamar tururuwa a cikin hoto. Sai a fara roƙon direba ya ƙara matsawa. Wani ya ce a bar shi ya sauka minti ɗaya kawai. Wani babba ya ɗan murɗa wa ja-gora wani abu a hannu. Ja-gora ɗan albashi ne, yana kuma jin nauyin mai furfura, ba wuya ya yi abin da ya san bai kamata ba. In an dawo lafiya, yara sun koyi cewa doka tana da farashi. In ba a dawo lafiya ba, shi za a kora, giwar kuma a ce ta zama muguwa.

Giwayen ba su da yawa da za a yi wasa da su. A 'yan shekarun nan masu lura da gandun suna ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, bayan ɓarnar da masu neman haure suka yi, ga shi kuwa suna cikin manyan garkunan da suka rage a Nijeriya. An rataya wa wasunsu na'ura a wuya don a san inda suke. Manoman ƙauyukan da suke kewaye kuwa, su ne suke kwana a gona da ganga da fitila, gama garke yana iya cinye abincin shekara a dare ɗaya. Giwar da baƙi suka firgita da rana, a hannun waɗannan bayin Allah za ta huce da dare. Wannan ba ya fitowa a hoto.

Wanda yake son hoto mai kyau da gaske, ya tafi tsakanin Fabrairu da Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suna gangarowa Gaji neman ruwa. Ya bi motar safe. Ya kashe fitilar kyamara da ƙarar waya, ya jingina hannu a jikin mota, ya yi shiru ya jira. In giwar ta fito ƙarama, to, a bar ta ƙarama, a haɗa da itatuwa da kogin. Shugaban tafiya ya yi tambaya a kan lafiyar hanya kafin a tashi, ya kuma faɗa wa yara tun a Kano cewa ana iya zuwa a dawo ba a ga giwa ba.

Sai kuma gwaggon biri. A sansanin Wikki, inda maɓuɓɓugar ruwan ɗumi take, sun saba da mutane har ba su da kunya. Sukan fizge leda daga hannun yaro, su shiga ɗakin da aka bari a buɗe, haƙoransu kuwa sun fi na kare tsawo. Masu riƙe ayaba don biri ya matso a yi hoto su ne suka koya musu wannan hali. Uwaye su sa abinci a cikin jaka mai zif, su rufe taga, su riƙe hannun ƙananan yara a kan hanyar gangarawa ruwa.