"Haka Muke Yi a Gidanmu" Ba Magani Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, wannan makon za mu taɓo zancen da ake rage murya idan an zo kansa. Wanda ya ji kunya ya karanta da sauri, amma ya karanta.

Dukkanmu mun san wata yaya, ko gwaggo, ko uwa, da duk wata sai ta kwanta. Ta miƙe jiri ya kwashe ta, ta ɗebo ruwa bokiti ɗaya tana haki. Idan aka tambaya sai a ce, "Ai haka muke yi a gidanmu." Mu dai ba mu yarda wannan amsa ta wadatar ba.

Yawancin mata, jinin al'adarsu gaba ɗaya bai wuce cokalin cin abinci biyu zuwa uku ba. Likitoci na cewa ya yi yawa idan ya haura mililita 80, wato cokali biyar da ɗan ɗori. Babu mai zama da cokali tana awo, saboda haka ga alamun da ake dubawa: jinin ya wuce kwana 7, ko auduga ta jiƙe cikin awa ɗaya ko biyu, ko a riƙa tashi cikin dare don canzawa, ko manyan gudaji su riƙa fita.

Abin ya yaɗu fiye da yadda muke zato. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mace 1 cikin 5 a ƙasar na fama da shi. Ku lissafa da matan gidanku. A nan Najeriya kuma, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ba al'ada kaɗai ke jawo hakan ba, akwai zazzaɓin cizon sauro da haihuwa da ƙarancin abinci mai gina jiki. To amma macen da jininta ya riga ya yi ƙasa, kuma take zubar da mai yawa duk wata, yaushe za ta farfaɗo?

Yawan masu ciwon shi ne ya ɓoye shi. Uwa ta yi, 'ya ta yi, sai a ɗauka halitta ce. Alhali wani lokaci ƙari ne a mahaifa, wanda ya fi kama baƙaƙen mata. Wani lokaci kuma matsalar daskarewar jini ce da ake gadonta, kun ga ashe "haka muke yi a gidanmu" ma dalili ne na zuwa asibiti. A Islamiyya mun haddace kwana 15 na haila da hukuncin istihala, kuma ilimi ne mai amfani. Sai dai wancan lissafin na ibada ne, na likita daga kwana 7 yake farawa.

Akwai magani: ƙwayoyin ƙarin jini, da masu rage zubar, wani sa'in har aiki. A guji asfirin, domin yana ƙara zubar.

Roƙonmu ga malamai: idan ɗaliba ta nemi izinin fita sau biyu a darasi ɗaya, a bar ta, ban da tambaya gaban aji. Ku kuma maza, zanen uwa ko na ƙanwa ba abin dariya ba ne, ku ne za ku raka su asibiti. Hukumar makaranta kuwa, muna neman a gayyato ma'aikaciyar jinya kafin zango ya ƙare, ta yi mana bayani, a kuma kira iyayenmu mata su zauna tare da mu.