An Ci Moriyar Ganga

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi gabas ya san Wudil. Tafiyar kamar kilomita 40 ce, sai ga gada, ga kogi, ga masu kifi a bakin hanya. Ran Juma'a kuwa garin ba masaka tsinke, gama kasuwar shanunsa tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa, har daga Kudu fatake suke zuwa da manyan motoci. In aka tambayi mutumin Wudil abin da ƙasarsu ta yi suna da shi, zai ce shanu, ya ce kifi, ya ce jami'a da makarantar horon 'yan sanda. In kuwa aka ce masa, “To, Ibro fa?” sai ya yi wani murmushi irin na wanda aka tuna wa wautar ƙuruciya. Alhali kuwa akwai mutane a Maraɗi da Damagaram da Kumasi waɗanda ba su taɓa sayen ko akuya a Wudil ba, amma sun san fuskar Ibro kamar ta ɗan'uwansu. Wannan murmushi shi ne abin magana a nan, domin akwai rashin adalci a cikinsa.

Sunansa na yanka Rabilu Musa. An haife shi a 1971 a Ɗanlasan, cikin ƙasar Warawa, maƙwabciyar Wudil. Can ya yi firamare, sa'an nan ya zo Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Watau da an bi yadda aka tsara, da malamin makaranta zai zama, ya ƙare kwanakinsa da alli a hannu. Amma a 1991 sai ya shiga aikin gidan yari, ya zama gandiroba, ya shekara 8 yana wannan aiki. Mai karatu ya riƙe wannan, gama za a komo kansa. Gidan yari makaranta ce ga mai ido. Nan ake tara ɓarawo da mazambaci da mai tsautsayi da wanda aka zalunta, kowa da irin ƙaryarsa da irin kukansa, kowa kuma yana rantsuwa ba shi da laifi. Wanda ya shekara 8 yana buɗe ƙofa yana rufewa a kan irin waɗannan mutane, ba sai an koya masa yadda mai wayo yake magana sa'ad da wayonsa ya ƙare ba. Shi ne kuwa Ibro na cikin fim: talaka mai dabarar da ba ta kai ba, ga cika baki, ga tsoro, ga haɗama, kullum ya haƙa rami sai ya faɗa da kansa.

A lokacin nan sana'ar fim ɗin Hausa tana jaririya. A 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi na fari cikin finafinan bidiyo na Hausa. Kafin shekara 10 abin ya bunƙasa, kaset ya shiga birni da ƙauye. Yawancin masu shirya fim suka bi sawun Indiya, watau saurayi da budurwa, da gidan bene, da mota, da waƙa a cikin lambu. Ibro da abokan wasansa suka bi wata hanya dabam. Suka ɗauki na'urarsu suka shiga zaure da tasha da kasuwa da gindin bishiya, inda talaka yake zaune. Ya ajiye aikin Gwamnati mai albashi da fansho, abin da kowane dattijo zai kira hauka, ya kama wasa gadan-gadan. Ba a daɗe ba sunansa ya zama shi ne jarin, har ana liƙa shi a kan sunan fim: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Aloko. Mai saye ba ya tambayar labarin da ke ciki. Da ya ga sunan sai ya miƙa kuɗi.

To, ga inda rashin adalcin yake. Mutumin da ya yi dariya da dare har hawaye ya zubo masa, shi ne da safe zai zauna a majalisa ya ce 'yan wasa 'yan iska ne, ba su da sana'a, ba zai ba su 'yarsa ba. Ya ci tuwon ya zagi mai tuƙi. In wasan haram ne a wurinsa, me ya kai idonsa? In kuwa halal ne ya kalla, yaya aka yi mai yinsa ya zama abin ƙyama? Ba a taɓa jin mai sayen nama ya ce mahauci ba shi da aikin yi ba. Mutumin nan yana tashi da sassafe, ya tsaya cikin rana, ya maimaita magana ɗaya sau goma har ta zauna, ya ciyar da iyalinsa, kuma a bayansa akwai mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti da mai buga kwali da ɗan tebur na kasuwa, duk suna cin abinci. In wannan ba sana'a ba ce, a faɗa wa jama'a mece ce sana'a.

Waɗansu sukan ce ai baƙon abu ne, Turawa da Indiyawa suka kawo shi. Na'urar ce baƙuwa, amma aikin tsoho ne ƙwarai. Tun kafin a san majigi, sarakunan Hausa suna da wawan sarki, wanda yake faɗa wa sarki cikin raha abin da Waziri yake tsoron faɗa. Akwai 'yan kama, waɗanda suke zama kamar malamai su yi ta jan baƙi, amma duk karatun nasu na tuwo da miya ne, malamai kuwa na gaske suna ji suna dariya. Akwai wasan gauta, inda matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa, sarkin kuma ya zo ya kalla ya ga yadda ake ganinsa. Ga tashe da azumi, yara su sa gemun auduga su kwaikwayi tsoho da maigida da mai rowa, a ba su hatsi, ba wanda ya ce sun lalace. Ashe kuwa Bahaushe ya daɗe da sanin akwai gaskiyar da ba ta shiga kunne sai an naɗe ta cikin dariya.

Da boko ya zo ma ba a yar da abin ba. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi yake rubuta wasanni yana sukar zalunci da cuta a cikinsu. Malam Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Malam Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, aka buga su littafi, aka karantar da su a makarantu. Daga baya aka yi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja Mazan Fama, tsohon soja, wanda ya yi shekaru yana kwaikwayon zaman bariki a rediyo da talabijin na Kaduna. Aka yi Ƙasimu Yero na Zariya, mai Karambana, wanda ya fito kuma a Magana Jari Ce ta talabijin. Ƙasimu ya rasu a 2017, Samanja a 2023, kuma ba wanda ya ji kunyar kiransu dattawa. Sun cancanta, ba shakka. Amma mai karatu ya tambayi kansa, mene ne ya raba aikinsu da na Ibro? Su ma ba'a suka yi, su ma sun kwaikwayi wawa da maƙaryaci. Bambancin guda ne: su ta ƙofar Gwamnati suka shigo, gidan rediyo da gidan talabijin suka tsaya musu, shi kuwa ta ƙofar kasuwa ya shigo, da Hausar ƙauye a bakinsa, ba wanda ya tsaya masa sai masu saye. In an duba da kyau, raina Ibro raina masu kallonsa ne, watau manomi da direba da mai shayi da matar kulle.

Ba za a ɓoye laifinsa ba. Finafinansa sun yi yawa, waɗansu kuwa an yi su da gaggawa, labarin ba kai ba gindi, sai ihu da guje-guje. Akwai inda ba'ar ta wuce gona da iri, akwai inda aka kwaikwayi maganar wata ƙabila har abin ya fita daga wasan taubasai ya koma cin fuska. Wanda ya faɗi haka ya faɗi gaskiya. Amma maƙerin da ya ƙera fartanya dubu, ba a rasa ɗari masu karkata a ciki, kuma ba a rufe maƙera saboda su. Abin da ya kamata a auna shi ne wanda ya yi daidai. A 2002, sa'ad da hoton Usama bin Ladan yake liƙe a motoci da shaguna a Kano, kowa kuma yana tsoron buɗe baki, shi ne ya ɗaura rawani ya sa gemu ya mai da yaƙin duka abin dariya, da Usaman da Amurkar. Waɗansu suka fusata, suka nemi a hana fim ɗin. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, tilas ya amsa cewa wannan aikin wawan sarki ne, kuma ba matsoraci ke yinsa ba.

Yanzu a koma gidan yari. A 2001 Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai. Ba laifi ba ne ƙasa ta sa ido a kan abin da ake nuna wa 'ya'yanta, kowace ƙasa tana yi. Amma daga 2007 abin ya tsananta, aka riƙa kama 'yan fim ana kai su kotun tafi-da-gidanka. Aka ɗaure Adam Zango a 2007, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008. A cikin 2008 ɗin nan ne aka kama Ibro, aka tuhume shi a kan rajistar kamfani da kuma rawar da ke cikin Ibro Aloko, aka yanke masa wata 2. Tsohon gandiroba ya koma gidan da ya sani, amma wannan karo a kansa aka rufe ƙofar. Doka doka ce, kuma wanda ya karya ta ya amsa. Sai dai a tambaya: laifin rajista da na rawa, ba a iya gyara su da tara, ko da gargaɗi, ko da yanke wurin da bai dace ba? A cikin shekarun nan masu satar finafinai suna kwafar gumin 'yan wasa suna sayarwa a fili a kan tebur, wanda ya yi aikin kuwa shi ke kwana a kurkuku. Ba a rasa nono a ruga ba, an dai zaɓi saniyar da ba ta da ƙaho.

A nan ya kamata a tuna da wani Bature. Sunan cali-cali da Hausawa suke kiran mai ban dariya da shi, daga Cali Caplin ya samo asali, wani ɗan talakawan Landan wanda ya tashi cikin yunwa. Shi ma talaka mai tsumma yake kwaikwayo, shi ma ya yi wa masu iko ba'a, har ya kwaikwayi Hitila a 1940, shi ma ya gamu da fushin hukuma, gama Amurka ta rufe masa ƙofarta a 1952. Amma a 1975 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma, finafinansa kuma an adana su, ana gyara su, ana karantar da su. Turawa ba su fi Hausawa son dariya ba. Sun dai gane cewa mai sa mutane dariya yana rubuta tarihinsu ne ba da alƙalami ba.

Rabilu Musa ya rasu a watan Disamba na 2014 bayan jinya, bai wuce shekara 43 ba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa. Ran nan aka yi ta jimami, masu zagi da masu yabo duk suka ce an yi rashi. Amma ba a cika shekara 2 ba, a 2016, Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina wa 'yan fim wurin aiki da koyon sana'a a Kofa ta ƙasar Bebeji, aka yi ca a kanta har ta janye. Watau an ce aikinsu ba shi da inganci, da aka zo gina inda za su koyi ingancin kuma aka ce ba a so. Wannan shi ne cin moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Abin da ya rage yanzu shi ne aikin da ya bari, shi ma kuwa yana cikin haɗari. Kaset ɗin bidiyo ba ya jure zafi da ƙura, faifai yana karcewa, abin da ke yawo a waya da intanet kuwa guntaye ne, an yanke kai an yanke ƙafa, ba shekara, ba sunayen waɗanda suka yi. A cikin finafinan nan akwai Hausar ƙauyukan gabashin Kano yadda ake yinta a bakin kasuwa, da suturar mutane, da yadda tasha da zaure suke a shekarun 1990 da 2000. Wanda zai so ya san wannan nan da shekara 50 ba zai same shi a fayil ɗin ofis ba. Ga jami'a a Wudil tana da ɗakin karatu, ga Ƙaramar Hukumar Wudil da ta Warawa, ga attajiran kara waɗanda kuɗin bijimi guda ba zai girgiza su ba. A nemi finafinan tun daga na fari, a sayi na saye, a roƙi na roƙo, a juye su a na'urar zamani, a rubuta shekarar kowanne da sunayen 'yan wasansa, da iznin magadansa kuma da hakkinsu. Abokan wasansa da suka rage sun fara manyanta, ya kamata a je a zauna da su da takarda da alƙalami tun suna iya tuna wane fim aka fara yi, a wane gari, kuma nawa aka biya su.