Fatalwar Da Ta Ƙi Fitowa Fili

Akwai irin littafin da idan mutum biyu suka karanta shi, sa'an nan suka zauna hira a kansa, mai sauraro zai rantse ba littafi ɗaya suka karanta ba. Irin wannan ne littafin nan na Turanci mai suna The Little Stranger, wanda Sarah Waters, wata marubuciya haifaffiyar yankin Wales na ƙasar Birtaniya, ta wallafa a cikin shekarar 2009. A shekarar da ya fito ya shiga cikin littattafai 6 da aka tace domin gasar Booker, ko da yake Hilary Mantel ce ta cinye gasar da littafinta Wolf Hall. Stephen King kuwa, Ba'amurken nan da ya yi suna wajen rubuta labarun ban tsoro, shi ya sa a kan gaba cikin littattafan da suka fi burge shi a wannan shekara. Amma duk da wannan yabo na manya, masu karatu da yawa sun ajiye littafin tun ba su kai rabi ba, waɗansu kuma sun daure har ƙarshe, suka tashi suna cewa an cuce su. Gardamar ba ta mutu ba har yau, kuma ta isa a duba ta, domin abin da ake ja a kai ya shafi duk wanda ya taɓa ba da kuɗinsa da dararensa ga littafi mai shafi kusan 500. Sai dai a yi wa mai karatu gargaɗi tun da wuri: ba a iya warware wannan magana sai an tona ƙarshen labarin.

Labarin ya faru ne a lardin Warwickshire na Ingila, a cikin 1947, watau shekara 2 bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mai ba da shi wani likitan karkara ne da ake kira Faraday, wanda ya doshi shekara 40 bai yi aure ba. An kira shi wani tsohon gidan masu hali da ake ce wa Hundreds Hall domin ya duba 'yar aikinsu Betty, yarinya 'yar shekara 14, sai ya tarar ciwon ƙarya take yi, tsoron gidan ne ya dame ta. Gidan kuwa ba baƙonsa ba ne. Uwarsa ta taɓa yin aikin raino a ciki, kuma a cikin 1919, yana ɗan shekara 10, an shigar da shi ranar wani biki, ƙawar wurin ta ruɗe shi har ya ɓalle wani ɗan ado daga jikin bango ya sa a aljihu. Yanzu ga shi ya komo da jakar likita a hannu, ya tarar rufi yana yoyo, ɗakuna a kulle, ciyawa ta cinye lambu. Mutum 3 suka rage daga zuriyar Ayres masu gidan: uwa gwauruwa, da ɗanta Roderick wanda ya dawo daga yaƙin jiragen sama da ƙuna da gurguwar ƙafa, da 'yarta Caroline wadda ke sharar da a da barori ke yi.

To, daga nan ne ƙorafin kashin farko na masu karatu ya fara. Sun ce an sayar musu da littafin a kan labarin fatalwa ne, amma sai suka yi ta juya shafi suna shan bayanin shan shayi, da gashin ƙafar Roderick da na'urar lantarki, da lissafin gona da bashi, babu ko inuwar da ta gifta. Abin firgita na farko ma da ya auku, kare ne. An yi wata liyafa domin sababbin maƙwabta masu kuɗi, sai tsohon karen gidan, Gyp, wanda ba a taɓa saninsa da faɗa ba, ya ciji 'yarsu a fuska, aka tilasta kashe shi. Bayan wannan sai tabon ƙuna ya riƙa bayyana a ɗakin Roderick, har wuta ta tashi, aka kai shi gidan masu taɓin hankali. Sa'an nan ƙararrawar kiran barori ta riƙa kaɗawa ba wanda ya taɓa ta, aka ga rubutun yara a bango, uwar gidan ta sakankance cewa 'yarta ta fari ce, Susan, wadda mashaƙo ya kashe tana ƙarama, ta dawo nemanta. Tsakanin kowane abu da mai bi masa akwai tafiya mai nisa, kuma duk sa'ad da abu ya faru sai likita ya zo da nasa bayanin, ya ce gajiya ce, ko danshin bango, ko raunin zuciyar mata.

Wannan ƙorafi ba na banza ba ne, kuma bai kamata masu yabo su riƙa ɗaga wa masu yin sa hanci ba. Wanda ya tashi da tatsuniya ya san dodo ba ya ɓata lokaci: yarinya na isa bakin rafi yake fitowa. Su ma Turawa haka nasu ya fara. Littafin da ake ɗauka shi ne tushen wannan salo da suke kira Gotik, watau labarun tsofaffin gidaje da asirai da matattu, shi ne The Castle of Otranto na Horace Walpole, wanda ya fito a cikin 1764, kuma tun a shafukan farko wata ƙatuwar hular ƙarfe ta faɗo ta murƙushe ango ranar aurensa. Saboda haka mai neman a razana shi da wuri yana da hujja daga asali. Gaskiya kuma ita ce tsakiyar littafin Waters ta yi sanyi fiye da kima, musamman wajen neman auren da Faraday ya shiga yi wa Caroline, inda ake maimaita abu guda: ya matsa, ta ja da baya, ya koma gida yana saƙe-saƙe. Da an rage shafi 50 daga nan, da ba abin da ya ragu na labarin.

Amma fa akwai inda masu wannan ƙorafi suka yi tuntuɓe, domin abin da suke tsallakewa suna neman fatalwa, a cikinsa fatalwar take. Marubuciyar da kanta ta bayyana cewa da farko ba labarin fatalwa ta nufa ba. Abin da ya dame ta shi ne yadda zaman manya da talakawa ya juye a Ingila bayan yaƙi, kuma littafin Josephine Tey mai suna The Franchise Affair, na 1948, yana cikin abin da ya tayar mata da tunanin. A cikin 1945 jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta karɓi mulki. Haraji ya yi wa masu manyan gidaje nauyi, 'ya'yan talakawa suka gwammace aikin masana'anta da bautar gidan wani, gwamnati kuma tana shirin buɗe tsarin magani kyauta ga kowa, wanda ya fara aiki a watan Yuli na 1948. Duk waɗannan suna cikin littafin. Iyalin Ayres sun sayar da wani yanki na filinsu, ana gina wa talakawa gidaje suna hangowa ta taga. Shi kuma Faraday yana fargabar sabon tsarin zai raba shi da 'yan majinyatan da yake samun abinci da su. Mutum ne da iyayensa suka ƙarar da ƙarfinsu domin ya yi ilmi, ya fita daga cikin talakawa, manya kuma ba su karɓe shi ba. Ran liyafar nan ma sai da wani daga cikin baƙi ya ɗauka an kira shi ne domin wani ba shi da lafiya. Wanda ya lura da irin wannan ƙananan raunuka da ake yi masa, da yadda yake haɗiye su yana murmushi, ba zai ce ba abin da ke faruwa ba.

Kashi na biyu na masu ƙorafi su ne waɗanda suka kai ƙarshe. Uwar gida ta rataye kanta. Caroline ta fasa auren, ta ce za ta sayar da gidan ta bar ƙasar. A daren da aka sa tun farko domin bikin, ta faɗo daga saman bene ta mutu, Betty kuma ta shaida cewa ta ji ta yi magana kamar wadda ta ga wanda ta sani. A wannan dare Faraday yana barci cikin motarsa a wani wuri ba nisa, yana mafarkin ya nufi gidan. A wurin binciken mutuwar shi ne ya ba da shaidar da ta sa aka ɗauka hankalinta ne ya gushe. Shekaru bayan haka yana nan riƙe da mabuɗi, yana zagaya kangon shi kaɗai, kuma in ya ji kamar akwai wani abu ya waiga, fuskarsa kawai yake gani a jikin fasasshen gilashin taga. A nan littafin ya tsaya. Masu karatu da yawa suka ce wannan rowa ce: shin fatalwar Susan ce, ko hauka ce ta gado, ko kuwa likita ne ya hau benen da ƙafarsa? Suka ce wanda ya biya kuɗin mota ya cancanci a sauke shi a tasha.

A nan kam wannan fili bai goyi bayansu ba. An sauke su a tasha, sai dai ba a yi shela ba. Tun a tsakiyar littafin wani abokin aikin Faraday, Likita Seeley, ya kawo masa wata magana, cewa mai yiwuwa ne buri ko ƙullin da mutum ya danne ya ɓalle daga jikinsa ya riƙa ɓarna ba da saninsa ba. Faraday ya saurara, ya shiga lissafin wanda zai iya zama tushen abin a cikin mutanen gidan, ya ƙirga kowa ban da kansa. Mai karatu kuwa, in ya koma baya, zai ga cewa duk wanda ya tsaya tsakanin likita da gidan nan an kawar da shi ɗaya bayan ɗaya, har ita Caroline, a daidai lokacin da ta yi niyyar raba shi da shi. Yaron da ya ɓalle ado daga bango bai daina ɓalla ba. Abin da ya sa waɗansu ba su gani ba shi ne sun amince da mai ba da labarin, domin likita ne, mai magana a natse, mai son a bi hankali. Ita kuwa natsuwar tasa, wadda ta gundure su, ita ce mayafin. Sai dai a yarda cewa dabara ce mai tsada: marubuciya ta ɗora wa mai karatu zama da mutum maras armashi har tsawon littafi, kuma ba kowa ke da wannan haƙuri ba.

Wannan jayayya ta girmi Waters nesa ba kusa ba. Ann Radcliffe, wadda ta rubuta The Mysteries of Udolpho a cikin 1794, ta saba tsorata mai karatu sa'an nan a ƙarshe ta bayyana cewa duk abin da aka gani yana da dalili na duniya, aka yi ta yi mata ƙorafin ta ɓata tsoron. Henry James ya bi ta wata hanyar a cikin The Turn of the Screw na 1898, labarin wata mai raino da ke ganin matattu 2 suna bibiyar yaran da aka ba ta amana, bai faɗi ko gaskiya ta gani ba. A cikin 1934 mai sharhin nan Edmund Wilson ya rubuta cewa matar ce ke da taɓuwa, kuma tun daga lokacin malaman jami'a suka rabu biyu a kan maganar. Watau wadda ta yi bayani an zarge ta, wanda ya ƙi yi ma an zarge shi. Bambancin Waters da James shi ne ita ta karkata ma'auni zuwa gefe guda, ta kuma ba abin tsoron tushe a cikin zaman jama'a, watau hassadar ɗan baranya da ƙaunarsa ga gidan da uwarsa ta yi wa bauta, abubuwa biyu da suka cakuɗe har shi kansa bai san inda ɗaya ya ƙare ba.

An gwada warware gardamar ta wata hanya a cikin 2018, sa'ad da Lenny Abrahamson ya mai da littafin fim, Domhnall Gleeson ya fito a matsayin Faraday, Ruth Wilson kuma Caroline. Fim ɗin ya fi littafin buɗe baki, domin a ƙarshensa an nuna Faraday yana yaro tsaye a saman benen da Caroline ta faɗo, yana leƙen ƙasa. Masu sharhi da dama sun yaba, amma 'yan kallo ba su cika gidajen sinima ba, waɗanda suka je da niyyar a firgita su kuma suka fito da ƙorafin da masu karatu suka yi shekara 9 kafin nan, cewa abin ya cika jan ƙafa. Waɗansu daga cikin masoya littafin kuwa suka ce hoton yaron nan ya yi yawa, an faɗa musu abin da suka fi son su gano da kansu.