Ruwan da ya rushe mana katanga a Agusta, shi muke saye a Afrilu

Ƴan uwa matasa, duk wanda ya tashi a Dutsi ya san abin da nake nufi. In hadari ya sauka da ƙarfi, ruwa ya gangaro daga kan duwatsu, cikin minti kaɗan hanya ta zama gulbi. Kowa ya ɗauki shebur da buhun ƙasa yana kare ƙofar gidansa, yana tura ruwan wajen maƙwabci. Wata bakwai bayan haka, mu ɗin ne dai a layin famfo tun asuba, ko muna leƙen ɗan garuwa. A ƙauyukan da ke kan tudu, nesa da kwarin Dallol Mawri, inda rijiya ke da zurfi, ƙannenmu mata ne ke biyan kuɗin da ƙafarsu da lokacin lakwal ɗinsu.

A yi lissafi, don kar a ce surutun Facebook ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce cif. A ƙasar Arewa, daga Dogondutsi zuwa Tibiri, damina mai matsakaicin kyau ba ta kasa milimita 500 ba, kuma kusan duka cikin wata huɗu take zuba. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 yana karɓar lita 25,000 ke nan. Cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai fantsame da wanda za a zubar, saura lita 20,000. Bidon 800 ke nan na lita 25, daga rufin gida ɗaya. Yanzu ƙirga azuzuwan da ke da kwano a Matankari, Kieshe, Dankasari, Kore Mairuwa da Gesheme. Ina ruwansu yake zuwa? Gindin bango. Ya ci tushen ginin, ya haƙa rami a filin makaranta, sannan a watan Maris a ce yara su zo da ruwan sha daga gida.

Damina ta 2024 ta isa ta zama darasi. Ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Tanki ba zai tsayar da irin wannan ba, kar mu yaudari kanmu. Amma ruwan da aka riƙe a sama, ba shi ne zai faɗa ɗakin tsohuwa a ƙasa ba.

Kuma ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. A Dutsi an jera duwatsu a gangaren tsaunuka da cikin ƙoramu don rage gudun ruwa, a cikin haɗin gwiwar garin da Orsay ta Faransa. Tapkin Saw, wanda ruwan damina ke cikawa, shi ya buɗe hanyar noman rani a garin, har dankalin turawan Dutsi ya yi suna. Maƙwabtanmu na Adar sun farfaɗo da fako da tassa da rabin-wata. Manomi ya riga ya gane cewa ruwan sama abin tarewa ne. Mu masu boko, masu zanen gini da sa hannu a kwangila, mu ne muka makara.

Dubi Brazil. A yankinsu na arewa maso gabas mai fama da fari, ƙungiyoyin farar hula ne suka fito da shirin tankuna miliyan ɗaya, gwamnati ta shigo da kuɗi daga 2003. Tankin siminti mai cin lita 16,000 a gefen gida, magina na ƙauyen ne ke gina shi. Daga nan FAO ta ɗauko dabarar zuwa Sahel, har da Nijar. Abin da ya faro shi ƙungiyoyi ne irin tamu.

Na san abin da za a ce. “Sauro fa?” Tanki a rufe yake, da raga a bakin bututu. Buɗaɗɗen tano da tsohuwar taya ne gidan sauro. “Ruwan rufi ba datti?” Akwai ƙura da kashin tsuntsu, shi ya sa ake barin ruwan farko ya wanke kwano ya zube, kuma na sha sai an tace an sa masa magani ko an tafasa. Ko ba a sha ba, wanki, bayan gida, wanke hannu da ban ruwan itatuwan da muke dasawa ranar 3 ga Agusta su mutu a Afrilu, duk aikinsa ne. “Ai foraji muke so.” Ni ma shi nake so, kuma ba za mu daina nema ba. Sai dai ranar da injin ya lalace, ana jiran kayan gyara daga Yamai, mai tanki ne zai yi girki. “Talaka mai ɗakin laka fa?” Gaskiya ne, tankin siminti ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Don haka ne muke cewa a fara da gine-ginen jama'a, inda kowa ke da rabo.

Ga abin da muke nema daga hukumomin komin na Dogondutsi da Tibiri, da masu ba da tallafi: duk sabon aji, gidan likita ko rumfar kasuwa da za a rufa da kwano, a rubuta makwararar ruwa da tanki mai rufi cikin kwangilar tun farko. Ɗan kwangilar da bai sa ba, kar a karɓi aikin. A koya wa maginanmu da masu walda, kuɗin ya tsaya a gari. A damƙa kulawa ga kwamitin iyayen yara, da ranar wanke tanki kafin ruwan farko.

Namu aikin kuma, kafin watan Yuni: kowa ya je makarantar unguwarsu, ya auna tsawo da faɗin rufin, ya ninka su, ya ninka da 500. Ku turo mana sunan makarantar da adadin litar. Za mu haɗa su takarda ɗaya, mu kai ofishin komin da ƙafarmu.