Tsofaffin Masaƙun Manchesta da Darasin da Ke Cikinsu

A birnin Manchesta na ƙasar Ingila akwai unguwanni biyu, Castlefield da Ancoats, waɗanda a da hayaƙin kwal da ƙarar injuna suka cika su. A yau baƙi daga ƙasashe daban-daban ke tururuwa can domin buɗe ido. Dukkansu an cece su daga rushewa, amma ba hanya ɗaya aka bi ba. Ra'ayina shi ne, wannan bambanci ya kamata ɗalibanmu da malamansu su lura da shi, domin mu ma muna da masaƙun da suka yi shiru.

Mu fara da Castlefield. A shekarar 1761 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, mai suna Bridgewater, domin kawo kwal daga mahaƙar Worsley zuwa Manchesta. Doki ɗaya da ke tafiya a bakin ruwan yana iya jan jirgin ruwa mai ɗauke da kimanin tan 30, wato fiye da ninki goma na abin da zai ja a keken doki. Dalili kuwa shi ne, turjiyar da ruwa ke yi wa jirgi mai tafiya a hankali ba ta kai wadda rutsattsiyar hanya ke yi wa ƙafar keke ba. Nan da nan farashin kwal ya faɗi da kusan rabi, kwal mai araha kuwa shi ne abincin injin tururi. A wannan unguwa ce kuma aka gina tashar jirgin ƙasan da ya haɗa Manchesta da Libaful a 1830. Tana cikin tashoshin jirgin fasinja mafiya tsufa da suka rage a duniya.

Da aka daina amfani da tashar a 1975, ba a rushe ta ba. A 1983 aka mai da ita mazaunin Gidan Tarihin Kimiyya da Masana'antu. A ciki aka adana injunan tururi da na kaɗi da na saƙa, har ma'aikatan gidan kan tayar da wasunsu a gaban 'yan makaranta. Yaro zai ga yadda ake sharce auduga, a ja ta, a murza ta ta zama zare, sa'an nan zaren ya zama yadi. Zai kuma fahimci yadda wuta ke tafasa ruwa, tururi ya tura fistin, fistin ya juya babbar ƙafar ƙarfe, ita kuma ta juya sauran injuna ta hanyar bel. Abin da malamin kimiyya ke zanawa a allo game da rikiɗewar zafi zuwa motsi, ga shi nan a fili. Gani ya kori ji.

Ancoats kuwa tana wani ɓangaren birnin. A can ne wasu 'yan'uwa biyu, Adam da George Murray, suka gina masana'antarsu ta kaɗi mai hawa takwas a ƙarshen ƙarni na 18, wadda har yanzu tana tsaye. An gyara irin waɗannan gine-gine na jan bulo, an mai da su gidajen kwana masu tsada da ofisoshi, an kewaye su da gidajen cin abinci da wuraren kiɗa. Unguwar ta yi kyau ƙwarai. Sai dai injunan sun daɗe da ɓacewa, kuma baƙo zai iya yini a can bai san abin da aka yi a bayan waɗannan tagogi ba. Ba zai ji labarin ƙananan yaran da ke rarrafe a ƙarƙashin injuna suna share ƙurar auduga ba, abin da ya sa a 1833 majalisar ƙasar ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a masaƙa. Ba kuma zai san cewa yawancin audugar da aka kaɗa a can kafin 1861 bayi baƙar fata ne suka noma ta a kudancin Amurka ba.

Wani zai ce, ai da ba a mai da gine-ginen gidajen kwana ba, da tuni sun zube. Wannan gaskiya ne, domin ginin da ba ya kawo kuɗi wuyar riƙewa gare shi. Ba na sukar masu zuba jari. Abin da nake cewa shi ne, bango ba ya koyar da kimiyya. In za a mai da masana'antu goma gidaje da shaguna, ya kamata a bar ɗaya da injunanta da takardunta da labarin ma'aikatanta.

To, ina ruwanmu da Manchesta? Dangantakarmu da ita tsohuwa ce. A can aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a 1902, wadda daga baya ta kafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, audugar ƙasar Hausa ta sami hanyar zuwa teku. Haka nan kuma, da gwamnatin Jihar Arewa ta tashi kafa masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a Kakuri a 1957, da wani kamfanin Lankasha ta haɗa gwiwa, wato yankin da Manchesta ke cikinsa a wancan lokaci. Wannan masaƙa ta rufe a 2002, wasu da dama a Kaduna da Kano suka bi sahunta, dubban magidanta suka rasa abin yi.

Babu shakka, babban burinmu shi ne masaƙunmu su farfaɗo, ba su zama wurin kallo ba. Amma duk masaƙar da za ta tashi nan gaba da sababbin injuna za ta tashi. Tsofaffin fa? Ƙarfen da aka bari ba kulawa tsatsa ke cinye shi, abin da ya rage kuma 'yan gwangwan su auna shi a sikeli. Mafi muni, mutanen da suka san sirrin waɗannan injuna, wato makanikai da masu kula da tukunyar tururi da masu haɗa rini, tsufa ya cim musu. Ran da suka kau, iliminsu ya bi su.

Saboda haka ina kira ga jami'o'inmu da gwamnatocin jihohi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da su keɓe ko da zaure ɗaya ne a Kakuri ko Bompai, a jera injunan tun daga na gurza har zuwa na buga zane, a ɗauki tsofaffin ma'aikata su riƙa yi wa yara bayani. Ku kuma malamai da ɗalibai, ba sai kun jira kowa ba. Ƙungiyar kimiyya ta makarantarku tana iya gayyato tsohon ma'aikacin masaƙa, ku tambaye shi yadda injinsa ke aiki, ku zana, ku rubuta, ku ajiye a laburaren makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan aiki kuwa lokacinsa yana ƙurewa.